Kada Gawa Ta Sake Yin Aikin Alƙalami

Direban da ya kunna rediyo a hanyar Batsari, sannu da hanya. Inna da ke bakin murhu, rediyo na bisa taga, sannu da aiki. Gaisuwa ta daban ga mutanen Ruma da Wagini, da na Runka da Zakka da Babban Duhu, da duk wanda ke barci da ido ɗaya a bakin dajin Rugu. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.

Yau zancen marubuta za mu yi. Masu sukar gwamnati da alƙalami. Masu tona asirin zalunci a takarda. Na san wani zai ce, haba malam, mu da ke neman yadda za mu kai gobe, ina ruwanmu da marubuci? Ɗan uwa, ara mini kunnenka. Kafin mu rabu za ka ga da ruwanka a ciki.

Bari in fara da wata rana da mutanen Batsari ba za su manta ba.

Watan Mayun 2019 ne, ana cikin azumi. Damina ta kawo kai. Manoman 'Yar Gamji suka fita gona. 'Yan bindiga suka auka musu. Aka tattaro gawa 18.

Al'adarmu kowa ya san ta. Mamaci ba ya jira. A suturta shi, a sallace shi, a kai shi makwancinsa. Amma ran nan mutanen Batsari ba su nufi maƙabarta ba. Mota suka nema. Suka jera 'yan uwansu a ciki. Suka kama hanyar Katsina, da azumi a bakinsu, rana na dukansu. Suka kai gawarwakin nan gidan gwamnati da ƙofar fadar Sarki.

Jama'a, ku tsaya ku yi tunani. Me zai sa Bahaushe ya ɗauki gawar ƙanensa ya shiga birni da ita? Ba rashin sanin addini ba ne. Ba rashin kunya ba ne. Sun yi magana ne har bakinsu ya gaji. Sun kai kuka wurin mai unguwa, ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi. Kuka ya hau sama ya ɓace kamar hayaƙi. Da baki ya gaza, sai gawa ta zama takardar koke.

To wannan shi ne jigon zancena na yau. Aikin marubuci shi ne ya hana gawa yin aikin takarda. Zan maimaita, domin a kansa za mu yi ta zagayawa. Kada gawa ta sake yin aikin alƙalami.

Yanzu ku biyo ni mu duba wani abu da ya faru a cikin watan nan dai.

A farkon watan Mayun nan na 2019 aka sace Magajin Garin Daura, Alhaji Musa Umar Uba, a ƙofar gidansa. Abin baƙin ciki ne, kuma mun gode Allah da ya kuɓutar da shi bayan wata biyu. Duk Najeriya ta san sunansa. Jaridu sun buga hotonsa. An san sarautarsa, an san danginsa.

To, ni kuma ina tambayarka, kai mai saurarena a Kano ko Kaduna ko Abuja. Faɗa mini sunan mutum ɗaya cikin 18 na 'Yar Gamji. Ɗaya tak.

Ka ga inda gizo ke saƙar. Mu kan ɗauka bambancin talaka da mai hali a cikin tukunya yake, ko a asibiti, ko a makaranta. Haka ne, yana can. Amma ya bi mu har kabari. Babba idan abu ya same shi, suna gare shi. Talaka idan ya faɗi, lamba ce. A ce mutum kaza. Gobe a ce mutum kaza a wani gari. Lamba ba ta da uwa. Lamba ba ta bar marayu ba. Lamba ba ta da bashin taki a wuyanta. Shi ya sa mai mulki ke iya jin lamba ya ci tuwonsa ya kwanta.

A watan Fabrairun 2020 aka shiga Tsauwa da Dankar da dare. 'Yan sanda da kansu suka ce mutum 30 aka kashe. Suka ce na Tsauwa galibinsu tsofaffi ne da yara, waɗanda ba su iya gudu ba. Bayan wata biyu aka sake yin wani ɗanyen aikin a ƙauyukan Safana da Ɗanmusa da Dutsin-Ma a dare guda. Wannan tsohuwar ta Tsauwa da ƙafa ta hana ta gudu, tana da suna. Akwai jikan da take ɓoye wa ƙuli-ƙuli a bakin zane. Wanda zai mayar da lamba ta koma mutum, shi nake kira marubuci.

Kuma in na ce marubuci, kada hankalinku ya tafi ga mai gilashi da tarin littattafai kawai. Ɗan jarida yana ciki. Sha'iri yana ciki. Malamin firamare da ke rubuta abin da ya gani a Facebook yana ciki. Almajirin da ya iya ajami, shi ma yana ciki. Sharaɗin ɗaya ne. Ya ga gaskiya, ya ajiye ta inda ba za ta goge ba.

To, bari mu juya baya kaɗan. Akwai masu cewa sukar shugabanni baƙuwar ɗabi'a ce, daga Turawa muka kwaso. Wannan magana ba ta da tushe.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da alƙalami ya fara. A cikin Kitabul Farƙi ya lissafa halayen sarakunan zamaninsa. Ya ambaci harajin da ake ƙaƙaba wa mutane. Ya ambaci ƙwace da cin hanci a wajen shari'a. Har jangali ya kira da sunansa. Ku lura da wannan. Kukan makiyayi a kan abin da hukuma ke tatsa daga gare shi ya haura shekara 200 a rubuce.

Ƙanensa Malam Abdullahi ya yi abin da ya fi wannan wuya. Shi nasa ya soka. Da ya ga wasu abokan jihadi sun fara karkata ga dawaki da gidaje da muƙami, bai ce namu ne a rufa asiri ba. Ya rubuta. Har ya bar su ya nufi gabas, sai da mutanen Kano suka tsayar da shi. Ku riƙe wannan labari, za mu dawo kansa.

Zamanin Turawa ya zo. Malam Sa'adu Zungur ya ɗauki waƙa ya gargaɗi sarakunan Arewa. Malam Aminu Kano da mutanen jam'iyyar NEPU suka ɗora daga 1950. Su Mudi Sipikin suka yi ta zuba baitoci. An ɗaure na ɗaurewa, an yi wa na duka duka. Hajiya Gambo Sawaba ta sha gidan yari har ya zame mata kamar ɗakin kwana. Amma talakan da yau yake tsayawa gaban hakimi ya yi magana kansa a ɗage, guminsu yake ci.

Mu kuma nan Katsina ba a bar mu a baya ba. A nan zan ɗan daɗe, don abin gida ne.

Dokta Yusufu Bala Usman a Musawa aka haife shi, a 1945. Ɗan Durɓin Katsina ne, jikan Sarki Dikko. Da ya so, da ya naɗe rawani ya zauna ana faɗuwa ana gaishe shi. Sai ya zaɓi alli da alƙalami a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Ya rubuta tarihin ƙasar Katsina, ya nuna yadda mulki ke tashi da yadda yake ruɓewa. Ya rubuta littafi a kan yadda 'yan siyasa ke wasa da addini don raba kan talakawa. A 1980, da aka buɗe wa manoman Bakolori wuta saboda sun nemi diyyar gonakinsu da madatsar ruwa ta cinye, gwamnati ta faɗi nata adadin na waɗanda suka mutu. Shi da abokansa ba su haɗiye ba. Suka bi diddigi, suka buga abin da suka samu. Ya rasu a 2005. Amma yau duk mai son sanin abin da ya faru a Bakolori, ba bakin gwamnati kaɗai zai ji ba. Akwai wani bakin a takarda.

Sai masu ƙagaggen labari. Sulaiman Ibrahim Katsina ya rubuta Turmin Danya, a kan fasa-ƙwauri da cin hanci. Ya rubuta Tura Ta Kai Bango, a kan talaka da siyasa. Bature Gagare ya fitar da Ƙarshen Alewa Ƙasa a 1982, labarin wanda ya fito daga yaƙin basasa ya tara gungun masu bindiga. A lokacin mun karanta don nishaɗi. Mun ɗauka almara ce. Wa ya zaci wata rana mutanen Safana za su riƙa jin ƙarar babura cikin dare gabansu na faɗuwa? Marubuci na ƙwarai tamkar mai hangen hadari ne. Yana ganin gabas ta yi baƙi tun kana shanya.

Ke nan gado muka ci. Ba aro ba ne.

Yanzu mu dawo yau, mu ɗauki mataki na gaba a zancen. Rubuta suna bai isa ba. Sai an tambayi dalili.

Yaya aka yi dajin Rugu, wanda kakanninmu suka sani da kiwo da farauta da itace, ya zama wurin da ake tsoron ambata? Wa ya cinye burtali? Wa ya yanka makiyaya ya mayar gonakin manya? Lokacin da aka fara satar shanu, wa ya karɓi ƙara ya danne? Wa ke sayen shanun sata a birni? Ta ina bindiga ke shigowa? Wa ke kai mai da burodi da ƙwaya daji? Yaron da ya kai shekara 15 bai taɓa ganin allo ba, na boko ko na Muhammadiyya, laifin wa?

Waɗannan tambayoyi ba su da daɗi. Amma akwai waɗanda suka yi su. Dokta Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya shafe shekaru yana bin lamarin, har ya zauna da mutanen daji, ya gabatar da bincikensa a Sakkwato a 2021. Ɗan jarida Abdulaziz Abdulaziz ya shiga daji da ƙafarsa ya jiyo ta bakinsu. Yusuf Anka ya yi wa BBC shiri a kan Zamfara, maƙwabciyarmu, wadda dajinmu da nata a haɗe suke. Ba lalle ka yarda da duk abin da suka kawo ba. Ni ma akwai inda nake da ja. Amma sun haska fitila a ɗakin da aka daɗe ana laluben duhu.

Me aka saka musu da shi? A 2022 hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 saboda shirinta a kan 'yan bindiga. Aka ce sun ɗaukaka ta'addanci. Jama'a, likita ne ya nuna ƙurji, sai aka kama likita aka bar ƙurji.

Wannan ya kawo mu ga maganar farashi. Domin aikin nan ba kyauta ba ne.

Daga Safana zuwa Dutsin-Ma tafiya ce ta ɗan lokaci. A Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma an yi wani matashin malami, Abubakar Idris, wanda duniya ta fi sani da Dadiyata. Ɗan siyasa ne a ra'ayi, bai taɓa ɓoyewa ba. Galibin rubutunsa a kan siyasar Kano ne, kuma alƙalaminsa na da kaifi. A daren 2 ga Agustan 2019 ya dawo gidansa a Barnawa, cikin Kaduna. Wasu mutane suka biyo shi, suka tafi da shi a cikin motarsa. Hukumar tsaro ta farin kaya ta ce ba ya hannunta. Shekaru sun shuɗe. Ba shi, ba gawarsa, ba wanda aka hukunta.

Ko kana son ra'ayinsa ko ba ka so, wannan ba shi ne zancen ba. Ka yi tunanin ɗalibin Dutsin-Ma ɗan asalin Runka, wanda ya ga an ƙone rumbun babansa. Ya ɗauko waya zai rubuta. Sai ya tuna malaminsa. Sai ya mayar da wayar aljihu. Wanda ya ɗauke mutum ɗaya, bakin dubu ya ɗinke.

Kuma ba yau aka fara ba. A watan Yulin 1981 aka kashe Dokta Bala Muhammad a gidansa a Kano, malamin jami'a kuma mai bai wa Gwamna Abubakar Rimi shawara kan siyasa. A Yunin 2020, bayan kisan Hakimin 'Yantumaki da na mutanen Kadisau, matasa suka fito zanga-zangar lumana a Katsina. Aka gama lafiya. Sai ga shi an tsare jagoransu, Nastura Ashir Sharif, a Abuja. Hannun da ya yi nauyi wajen kamo mai bindiga, bai yi nauyi ba wajen kamo mai kwali.

Sai kuma 2021, shekarar da aka yi shiru. A watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan, har da Batsari da Safana. An ce don a toshe wa 'yan bindiga hanyar sadarwa ne, kuma ban ce niyyar ba ta da kyau ba. Amma ku tuna yadda aka rayu. Wata uku. Mutum ya tsaya a tasha da 'yar takarda a ninke. Ya miƙa wa direba, ya ce don Allah ka kai wa yayana a Ƙofar Guga. A cikinta an rubuta wane ya rasu, wance ta haihu, wane yana hannun mutanen daji. Direba ya cusa ta a aljihun gaba tare da kuɗin mota. A watannin nan, 'yar takardar nan ita ce jaridar Batsari. Ita ce rediyon Safana. Abin da bai shiga cikinta ba, Allah kaɗai ya san shi, sai waɗanda suka binne.

Shi ya sa nake cewa, kada gawa ta sake yin aikin alƙalami. Kuma kada a sake barin gari ba gawa a ƙofar fada, ba labari a takarda.

To, masu sauraro, kada ku ce na zo yabon marubuta ne kawai. Yanzu zan juyo kanmu. Domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Laifinmu na farko shi ne "namu ne". Kun tuna Malam Abdullahi? Mu mun kasa abin da ya yi. Lokacin da mulki ke hannun ɗan kudu, alƙalumanmu wuta suke fitarwa. Ko akuya ta ɓata a Borno sai mun rubuta. Da mulki ya dawo hannun ɗan jiharmu a 2015, sai tawada ta bushe wa da yawa. Wanda ya yi magana a ce maƙiyin Baba ne. Shekara 8 ɗan Katsina na kan kujera, kuma a cikinsu aka yi 'Yar Gamji, aka yi Tsauwa, aka kwashi ɗaliban Ƙanƙara. Ban ce mutum ɗaya ne ya jawo ba. Cewa na yi shirun da muka yi don kara, mutanen ƙauye ne suka biya kuɗinsa.

Ku dubi Ƙanƙara ɗin ma. Disambar 2020 aka kwashi yaran nan sama da 300. Duniya ta ɗauka. Kowa ya rubuta, kowa ya yi magana. Cikin mako guda suka dawo. To matan da ake ɗauka biyu-biyu, uku-uku, a ƙauyukan Batsari fa? Su sai miji ya sayar da gona da shanun huɗa. Bambancin ba a darajar rai yake ba. A yawan masu magana yake.

Laifi na biyu, alƙalamin haya. Akwai wanda da safe yana zagin gwamna. Da yamma an kira shi an ba shi muƙamin mataimaki na musamman. Washegari ya goge duk abin da ya rubuta, ya koma cewa tsaro ya inganta. Akwai yaran da ake saya wa data su yi ta yayyafa wa mutane zagi. Wannan ba mai fafutika ba ne. Maroƙi ne da ya canza kalangu. Ai gara maroƙin asali, shi bai taɓa ce maka don talaka yake yi ba.

Laifi na uku ya fi ba ni tsoro. Shi ne rubutun da ke zuba fetur. Wani ya ɗauko hoton wata ƙasa ya ce Safana ce jiya. Wani ya ji ƙishin-ƙishin ya buga ba tare da ya tambayi kowa ba. Wani kuma ya ɗauki laifin masu bindiga ya shafa wa ƙabila guda. Jama'a, mu ji tsoron Allah. Bafulatanin da aka kore wa garke tun farkon fitinar nan, shi ma ɗan Batsari ne. Wanda 'yan sa-kai suka tare a hanyar kasuwa ba tare da shari'a ba, shi ma uwa ce ta haife shi. Marubucin da ke ƙirga kaburburan gefe ɗaya, ya tsallake na ɗaya gefen, bai rubuta tarihi ba. Ya wasa wuƙar ramuwa ce.

Ƙaramin laifi kuma, amma yana ci mini tuwo a ƙwarya. Da yawanmu da Turanci muke kuka. Mu rubuta dogon sharhi a jaridar Abuja, abokanmu su yaba. Matar da aka yi rubutun dominta ba ta san an yi ba. A rubuta da Turanci don na sama su ji, ban hana ba. Amma a juyo da shi Hausa don mai abin ya san an faɗa.

Yanzu bari in ba wa ɗaya ɓangaren haƙƙinsa. Wani jami'i zai ce, ku kuna zaune a inuwa kuna rubutu, mu muke kwana a daji. Gaskiya ne. Sojoji sun mutu a dajin nan. 'Yan sanda sun mutu. Matasan rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Raɗɗa ya kafa a 2023, 'ya'yan garuruwan nan ne, kuma wasunsu sun kwanta dama a bakin aiki. Su ma a rubuta sunayensu. Su ma a tambayi wa ke ciyar da marayunsu. Wanda ya tambayi ina kuɗin tsaro suka shiga, ai sojan da ke bakin daga yake taya faɗa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kundin tsarin mulkin ƙasar nan da kansa ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne aikin gwamnati na farko. Mai tuna wa gwamnati aikinta bai yi mata tawaye ba.

Saura magana ɗaya, ita ce ta sulhu.

A 2025 al'ummomin Jibiya da Batsari da Safana sun zauna da mutanen daji. Da yawa sun ce sun samu sauƙi. Wanda ya shekara biyar bai taka gonarsa ta nesa ba, in ya ce maka ya fi son sulhu, kada ka yi masa gardama daga birni. Jiki magayi.

Amma a nan ne aikin marubuci ya ƙaru, bai ragu ba. Mun ga sulhun 2017. Mun ga na 2019, lokacin da Gwamna Aminu Bello Masari ya je da kansa ya zauna da su, aka ɗauki hotuna. Kafin shekara ta zagayo, shi da bakinsa ya ce sun ci amana. To na 2025 ɗin, me aka ƙulla a ciki? Wa ya yi alkawarin me? Bindigogi nawa aka ajiye, nawa suka koma daji a kafaɗa? Ina makarantar da aka ce za a gina wa 'ya'yan makiyaya? Ina matsayin matar da ke ganin wanda ya kashe mijinta yana cinikin rogo a kasuwa? In ba a rubuta alkawari ba, ranar da ya warware kowa zai ce ba haka aka yi da shi ba. Yafiya halin Musulmi ce. Amma sai ka san abin da aka yi maka kafin ka yafe.

Don haka, jama'a, ga roƙona kafin lokaci ya ture mu.

Masu mulki, in an yi muku rubutu, ku mayar da rubutu. In ƙarya ce, ga kotu nan da rana tsaka. A daina zuwa da dare. Kuma har gobe muna tambaya, ina Dadiyata?

'Yan uwana marubuta na birni, Batsari ba ta yi nisa ba. Ku shiga mota ku je. Ku zauna a tabarma ku saurara. Ku tabbatar kafin ku buga. Ku ɓoye sunan wanda ya ba ku labari in faɗar sa za ta jawo masa bala'i, domin kun san infoma ba su ƙare ba.

Ku kuma na gida, Liman, Malam na makarantar allo, hedimasta, ɗalibar sakandare da ta iya rubutu, ku kuke da babban aikin. Ku sayi littafin rubutu guda, irin na 'yan makaranta. Ku zauna da tsofaffi. Ku rubuta sunan duk wanda fitinar nan ta ci a garinku, da sunan mahaifinsa, da ranar, da wurin, da 'ya'yan da ya bari. Bahaushe da Bafulatani, manomi da makiyayi da ɗan sanda. Da boko ko da ajami, duk ɗaya ne. Ku kwafi na biyu ku ajiye a wani gidan. Ba sai kun sa a intanet ba. Ku adana kawai, ranarsa na zuwa.

Mutanen 'Yar Gamji, da ku na fara, gare ku zan tsaya. Mutum 18 ɗin nan, ku kun san su. Kun san wanda ya bar mata biyu, kun san wanda ake shirin bikinsa bayan salla. Tun waɗanda suka ɗora su a mota suna raye, a samu mai rubutawa. Kada gawa ta sake yin aikin alƙalami a ƙasar Ruma.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Allah ya dawo da na hannun mutanen daji gida lafiya.